Kwatancen Gida: Yadda Lemma Ke Kai Baƙo Inda Za Shi

Baƙon da ya sauka a tashar garin da bai taɓa zuwa ba, ba taswira yake nema ba. Mai shayi yake nema, ko mai faci, ko dattijon da ke zaune a kan benci yana jan carbi. Bayan sallama sai ya ce, "Baba, don Allah gidan su Bala nake nema." Dattijon zai dube shi ya ce, "Yaro, ai Bala sun fi a ƙirga a unguwar nan. Ɗan gidan wa ne?" Da baƙon ya ce ɗan gidan Sarkin Fawa ne, shi ke nan. "To, miƙe nan sosai har ka tarar da famfo. Daga famfo ka yi hannun dama, za ka hango wata tsamiya. Kana isa gindinta ka dubi gabas, zaure na biyu, mai dakali."

Abu biyu dattijon nan ya yi. Ya ɗauke tambayar daga kan sunan yaro ya mayar da ita kan sunan da aka san gidan da shi. Sannan ya yanka doguwar hanya gunduwa-gunduwa, kowane yanki ya ƙare a kan alamar da ido zai gani. Waɗannan biyun su ne aikin wata kalma ta Girkanci da masana lissafi da masana harshe suka yi tarayya a kanta, wato lemma. A wurin mai lissafi, lemma ita ce famfo da tsamiya: ƙaramar magana da ake tabbatarwa a kan hanya kafin a isa babba. A wurin mai ƙamus kuwa, ita ce sunan maigida: siffa ɗaya ta kalma da aka zaɓa ta tsaya a madadin dukkan 'yan gidanta.

Mu fara bin hanyar masu lissafi. Akwai lambobin da babu lambar da ke shiga cikinsu ba tare da saura ba sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Mu kira su lambobin tushe, tunda da su ake gina sauran. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a birnin Iskandariyya ta Masar, Yuklid ya rubuta wata gajeruwar magana a kansu a littafi na bakwai na babban aikinsa na lissafi. Ma'anarta ita ce: idan aka ninka lambobi biyu, sai wata lambar tushe ta shiga abin da aka samu ba saura, to tilas ta shiga ɗaya daga cikin lambobin biyun nan ita ma ba saura.

Ɗauki alƙalami mu gwada. 14 sau 15 ya ba da 210. Lambar 7 tana shiga 210 sau 30 cif, kuma ga ta nan a cikin 14. Lambar 5 tana shiga sau 42, ga ta a cikin 15. Mutum zai ce, to wannan ai ko ɗan firamare ya sani, mene ne na rubutawa? Sai a ce ya gwada da 6. Tana shiga 210 sau 35 ba saura, amma ba ta shiga 14, ba ta shiga 15. Dalili kuwa 6 ba ta tushe ba ce, haɗin 2 da 3 ce. Sai 2 ɗinta ta laɓe a cikin 14, 3 ɗinta ta laɓe a cikin 15. Lambar tushe ba ta da wannan dabara. Ba ta rabuwa, don haka duk inda za ta shiga, gaba ɗayanta take shiga.

Wannan ita ce tsamiyar. Gidan da take kai mutum shi ne wata ƙa'ida da ilimin lambobi kacokan ya jingina da ita: kowace lamba da ta wuce 1, hanya ɗaya tak ake iya farfasa ta zuwa lambobin tushe. Ko ka faro 210 daga 14 da 15, ko daga 10 da 21, ko daga 6 da 35, in ka ci gaba da farfasawa a kan 2, 3, 5 da 7 za ka tsaya. Gwaji kuwa ba ya zama hujja, domin lambobi ba su da iyaka, ba mai iya gwada su duka. Amma da lemmar Yuklid a hannu, tafiyar gajeruwa ce. A ƙaddara wani ya zo da jeri biyu na lambobin tushe, ya ce kowanne in an ninka lamba ɗaya yake bayarwa. Sai ka ɗauki ta farko a jerin farko. Tunda tana shiga jimlar, lemma ta ce dole ta shiga ɗaya daga cikin 'yan jeri na biyu. Su kuwa duk na tushe ne, ba mai shiga cikinsu sai kansu. Ashe ita ce dai a can ma. Ka soke ta nan da can, ka ɗauki ta gaba. Haka za ka yi ta yi har jerin biyu su ƙare tare. Carl Friedrich Gauss na Jamus ne ya shimfiɗa wannan ƙa'ida da cikakkiyar hujjarta a littafinsa na 1801, yana ɗan shekara 24.

Shi Yuklid bai kira maganar tasa lemma ba. Batu na 30 ce kawai a jerin batutuwan littafin, na baya ne suka laƙaba mata sunan da suka ga yawan bi ta kanta da ake yi. A wajen ƙarfin hujja, babu bambanci ko na ƙwayar zarra tsakanin lemma da babbar ƙa'ida. Yadda ake tabbatar da wannan haka ake tabbatar da waccan. Matsayi ne kawai a cikin tafiya. Ga mai neman gidan Sarkin Fawa, tsamiya alama ce. Ga mai tallar ƙosai da ke kafa kaskonta a gindinta kullum, nan ne wurin zuwan.

Amfanin farko na yanka hanya haka shi ne gane inda aka ɓata. Wanda aka yi wa kwatance mai alamomi, in ya ga hanya ta rikice ba tasha yake komawa ba. Famfo yake komawa, inda ya tabbata yana kan daidai. A watan Yuni na 1993, a Kambirij ta Ingila, Andrew Wiles ya sanar cewa ya warware matsalar da Pierre de Fermat ya bari a gefen shafin wani littafi tun wajen 1637. Da masu tantancewa suka bi hujjar daki-daki, sai aka tarar da giɓi a mataki ɗaya. Da hujjar dunƙule take, da an rasa inda za a kama. Amma da yake a yanke take mataki-mataki, an san daidai inda ƙafa ta zame, sauran kuma suna tsaye da ƙafafunsu. Wiles ya koma wurin, da taimakon tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, ya toshe giɓin a watan Satumba na 1994, aka buga aikin a 1995.

Akwai kuma ɓatan da ɗan gari ke jawo wa baƙo ba da nufi ba. Ya saba da hanyar har ƙafarsa ke bi ba idonsa ba, sai ya manta bai ambaci cewa lungun ya rabu biyu a bayan masallaci ba. Imre Lakatos, masanin falsafar lissafi ɗan asalin Hangari, ya yi dogon nazari a kan irin wannan a littafinsa da ya fito a 1976, bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa sau da yawa idan aka kawo misalin da ya karya wata ƙa'ida, laifin yana wurin wata ɓoyayyiyar lemma ce: maganar da mai hujja ya ɗauka kowa ya yarda da ita, bai ma lura ya taka ta ba. Aikin mai bincike shi ne ya tono ta, ya fito da ita fili, a duba ko za ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata.

Wannan tsari tsoho ne, kuma malaman duniyar Musulunci suna da hannu dumu-dumu a cikinsa. Akwai ɗan littafi mai batutuwa 15 da ake dangantawa ga Arkimidis, wanda Turawa ke kira Littafin Lemma. Asalinsa na Girkanci ya ɓace. Ta hanyar fassarar Larabci ta Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya tsira, daga nan aka juya shi zuwa Latin a ƙarni na 17. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi zamansa a Alƙahira, ya yi karo da wata matsala mai wuya a littafinsa Kitabul Manazir: a kan madubi mai lanƙwasa, daidai ina haske zai faɗa ya karyo zuwa ido? Bai tunkare ta kai tsaye ba. Sai da ya share fage da ƙananan batutuwa shida, waɗanda ya kira muƙaddimomi. Haka Isaac Newton ya yi a babban littafinsa na 1687: kafin ya taɓa tafiyar taurari, sashen farko lemma 11 ya jera.

Amfani na biyu ya ma fi na farko. Alama ɗaya gidaje da yawa take kaiwa. Ta gindin tsamiyar nan ake kwatanta gidan liman, da gidan ungozoma, da injin markaɗe. A kwana a tashi sai sunanta ya rufe na gidajen. Mutumin Kano ya san wannan: Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki yau manyan unguwanni ne, kuma fasinja ya ce wa ɗan adaidaita "Bata za ni" ba tare da tunanin kantin takalman da ya bar wa wurin sunansa ba.

Haka ta faru da wata 'yar magana ta Leonhard Euler. A 1736 ya duba wata tambaya ta mutanen birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha. Kogi ya raba birnin kashi huɗu, gadoji bakwai sun haɗa su. Shin mutum zai iya zaga gari ya haye kowace gada sau ɗaya tak? A kan hanyar amsa ya lura cewa kowace gada baki biyu gare ta, don haka in aka ƙirga gadojin da suka taɓa kowane kashi aka tara, ninkin yawan gadojin za a samu. A birnin kuwa 5 ne da 3 da 3 da 3, jimla 14, wato 7 sau biyu. Yau ana kiran wannan lemmar musabaha, domin haka take a kowane taro: musabaha ɗaya hannu biyu take ci, saboda haka mutanen da yawan musabaharsu ya faɗa wutiri, su kansu adadinsu shafa'i ne, ko taron na mutum goma ne ko na dubu goma. Amsar Euler ita ce zagayen ba zai yiwu ba. Duk kashin da mutum ya ratsa, gada ɗaya ta shigo da shi ɗaya ta fitar, don haka wutiri ba ya halatta sai a mafara da maƙare, nan kuwa har huɗu ne. Tambayar gadojin ta zama tarihi, amma lemmar tana farkon kusan duk littafin da ke koyar da lissafin mahaɗa, irin wanda ake tsara hanyoyin waya da na intanet da shi.

Ga wata lemmar da ta kai gidaje da yawa. Kiyosi Itô na Japan ya fara gina lissafin abubuwan da ke motsi ba tsari, kamar ƙura a cikin ruwa, a shekarun 1940. Ƙa'idar da ke tsakiyar aikinsa har yau lemmar Itô ake ce mata, alhali a kanta Fischer Black da Myron Scholes suka tsaya a 1973 suka fitar da hanyar ƙiyasta farashin wasu yarjejeniyoyin kasuwar hannun jari, aikin da ya kai Scholes da Robert Merton ga kyautar Nobel a 1997. Wata lemmar kuma an zaci kusa take, ashe tafiyar shekaru ce. Robert Langlands ya buƙaci wata magana a cikin babban shirinsa na haɗa rassan lissafi, ya kira ta lemma, don a ganinsa ba za ta yi wuya ba. Kusan shekara talatin tana gagarar manya. A tsawon lokacin nan masana suka riƙa rubuta sakamako da sharaɗin "in ta tabbata", tamkar masu gina unguwa a bayan gadar da ba a gama ba. Sai a 2008 Ngô Bảo Châu, ɗan Biyetnam, ya kammala hujjarta, aka ba shi lambar Fields a 2010.

To, mu koma ga tambayar farko ta dattijo: ɗan gidan wa ne? Duk mai buɗe ƙamus wannan tambayar yake amsawa, ko ya sani ko bai sani ba. Mai koyon Hausa ya ci karo da kalmar awaki a cikin labari. In ya nemi ma'anarta, wurin akuya za a tura shi. Tumaki 'yan gidan tunkiya ne, dawaki na gidan doki, zukata na gidan zuciya, mata na gidan mace. Fara da farare suna ƙarƙashin fari. Mai ƙamus ba zai gina wa kowane ɗa zaure ba. Takarda ba za ta isa ba, kuma bayani ɗaya zai yi ta maimaitawa. Sai ya zaɓi siffa ɗaya, ga suna tilo, ga sifa ta namiji, ya ɗora mata ma'ana da jinsi da misalai, ya jero iyalin a bayanta. Wannan zaɓaɓɓiyar siffa ita ce lemma.

Kowane harshe da al'adarsa ta naɗa maigida. Ƙamusun Turanci zai mayar da went zuwa go, ko da yake ba su yi kama ba ko kaɗan. Ɗalibi a Zinder ko Maraɗi ya san va da ira duk a ƙarƙashin aller suke a ƙamusun Faransanci. Latin siffar "ina yi" yake ɗauka, Larabci kuwa siffar "ya yi", kamar kataba. Amma manyan ƙamusoshin Larabci ba su ma tsaya a kan maigida ba, kakan gida suke tambaya, wato saiwa. Almajirin da ya zauna a zaure da Alƙamusul Muhiɗ na Firuzabadi yana neman kalmar istiƙbal, in ya buɗe wurin alif ya yi asarar yininsa. Sai ya tuɓe wa kalmar duk ƙarin da aka yi mata, har baƙaƙe uku su rage: ƙaf, ba, lam. Sannan ya tuna cewa da baƙin ƙarshe littafin yake kasa babobinsa, ya tafi babin lam, a ciki ya nemi faslin ƙaf. Haka Lisanul Arab na Ibn Manzur yake, kuma dukansu tsarin Sihah na Jauhari suka bi. Tun kafin su, a Basra a ƙarni na 8, Khalil bin Ahmad ya jera nasa bisa mafitar baƙaƙe, ya faro daga maƙogwaro da baƙin aini, shi ya sa ake kiran littafin Kitabul Aini. Kalmomin ba su sauya ba. Hanyar tambayar gidansu ce ta bambanta.

A Hausa, aikatau ne ke sa mai ƙamus gumi. Muna cewa ya sayi goro, ya saye shi, ga abin da ya saya. Kalma ɗaya ce take sauya wasalin ƙarshe gwargwadon abin da ya biyo ta, kuma an saba ɗaukar saya, siffar da ba karɓau a bayanta, a matsayin maigida. Wannan mai sauƙi ne. To sayo fa, da saye ta sayen abu duka, da sayu, da sayar? A 1960 F. W. Parsons na Landan ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai, tsarin da har yau ake koyarwa a jami'o'inmu, kuma ya nuna duk waɗannan daga saiwa ɗaya suke. Amma saya da sayar kishiyoyin juna ne a kasuwa. Shin ɗa ne da har yanzu yake cikin gandu, ko kuwa ya ware ya kafa nasa gida? Makaranta daga karanta ta fito, ma'aikaci daga aikata, amma ba mai shakkar sun daɗe da yin nasu zaure. Tsakanin wanda ke cikin gandu sosai da wanda ya ware sarai, akwai masu yawa da suka ja katanga amma ƙofa ɗaya ake shiga. Duk wanda ya yi wa Hausa ƙamus, daga G. P. Bargery a 1934, da R. C. Abraham a 1949, da Paul Newman da Roxana Ma Newman a 1977, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sai da ya yanke irin wannan hukunci kalma bayan kalma.

Ga kuma masu gida biyu da suna ɗaya a layi ɗaya. Wadda ta tafi gari sayen gari ta faɗi kalmomi biyu ne daban: na farko wasalinsa gajere, murya ta faro ƙasa ta hau, na biyu wasalinsa dogo, murya a sama. Kunne yana rarrabewa, rubutunmu na yau da kullum ba ya yi, don haka ƙamus ke ba kowanne mashigarsa, da alamar karin sauti da tsawon wasali. Akasin haka ma yana faruwa, maigida ɗaya da kowace unguwa ke kiransa da nata lafazi: biyar a Kano, biyat a Sakkwato, wasu wuraren biyal. Daidaitacciyar Hausa ta fi karkata ga Kananci, sai ya zamana biyar ce a bakin zaure. Wannan ne ma ya sa tambayar "kalmomi nawa ne a Hausa?" ba ta da amsa sai an ce me ake ƙirgawa, gidaje ko kawuna. Ƙamusun Bargery yana da mashiga wajen 39,000. Da za a ƙirga kowane jam'i da kowace siffar aikatau daban, da adadin ya ninka.

Masu nazarin yadda magana ke fitowa daga ƙwaƙwalwa su ma sun ari kalmar. Gerard Kempen da Pieter Huijbers suka shigo da ita fagen a 1983, Willem Levelt na Holan ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1989. A ganinsu, kafin mutum ya furta kalma yakan fara kama ma'anarta da halinta na nahawu, wato lemmarta, sannan sautinta ya biyo. Kowa ya taɓa cewa "sunan ya kwanta mini": ga gidan a idonka, ga kamannin maigidan, sunan ne ya ƙi zuwa. Wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna cewa masu jin Italiyanci da ke cikin wannan hali sau da yawa suna iya faɗin ko kalmar namiji ce ko tamata, alhali sautinta bai zo musu ba. Ba dukkan masana suka yarda da wannan rabon ba, amma Bahaushe, da harshensa ke rarrabe "shi" da "ita" a kowane suna tilo, zai iya sa ido a kansa ya gani.

Baƙon da ya fi kowa buƙatar kwatance a yau kwamfuta ce. Mai neman labarin farashin akuya a intanet yana so a kawo masa har shafin da ya ce awaki. Ga Turanci, Martin Porter ya fitar da wata dabara a 1980 mai datse ƙarshen kalma kawai, kuma tana aiki daidai gwargwado. A Hausa datsewa ba ta kai mutum ko'ina. Me za ka datse daga tumaki ka sami tunkiya? Jam'inmu yana shiga har cikin cikin kalma, kamar gurgu da guragu; aikatau yana ninka gabansa, kamar yanka da yanyanka. Dole sai an ba na'ura jerin da ya haɗa kowace siffa da lemmarta, sannan a koya mata duba maƙwabtan kalma, don ta san wane gari ake nufi.

Duk da wannan kama, akwai inda lemmar lissafi da ta ƙamus suka raba hanya, kuma bai kamata a rufe shi ba. Ta ƙamus yarjejeniya ce. Da masu ƙamus sun ga dama sun ɗora awaki a gaba sun sa akuya a baya, ba ƙaryar da aka yi. Sauƙi ko wahalar nema ce kawai za ta sauya. Ta lissafi kuwa ba a yin sulhu a kanta. Ko dai an tabbatar ko ba a tabbatar ba, kuma in ta zama ƙarya, duk hujjar da aka ɗora a kanta ta rushe tare da ita, ko da hannun manyan malamai dubu ne a kai. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ba don kansu aka yi su ba. Darajar kowacce tana ga yawan waɗanda ta kai inda za su, kuma don wanda bai san hanya ba aka kafa ta. Gwani yana iya tsallake ta, kamar yadda Bahaushe ba ya buƙatar a gaya masa shanu da saniya dangi ne.

Nan ne ma haɗarin yake, domin gwanaye ne ke rubuta littattafai. Malamin lissafin da ya cika allo da hujja tun daga sama har ƙasa ba tare da ya tsaya ya ce "wannan mun gama da ita, ku riƙe" ba, ɗalibansa haddacewa za su yi, ranar jarrabawa layi ɗaya ya kuɓuce duka ta zube. Mai shirya ƙamus ko manhajar Hausa da ya ga ɓata wuri ne ya shigar da awaki ya rubuta "duba akuya" a gabanta, ya rufe ƙofa ga ɗan Inyamurin da ke koyon harshen a Sabon Gari, da jikan Bahaushen da aka haifa a Kumasi ko Jidda. Gwajin kuwa ba shi da wuya. A miƙa wa mai koyo ƙamusun, a ce ya nemo zukata, da guragu, da sayu, ba tare da an taimake shi ba. In ya same su, aikin ya yi. In ya dawo hannu rabbana, ba ɗalibin ne ke buƙatar gyara ba.